Gafiya da Masakin Majalisa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, kunnuwanmu a buɗe.

A wani daji, dabbobi suna da majalisa a gindin tsamiya. Duk mai kuka sai ya jefa dutse cikin wani masaki. Mai riƙon masaki ya girgiza, ya ɗauko na sama, a saurari mai shi. Da inuwa ta taɓa suri, an tashi.

To, dutsen Giwa kamar malmalar tuwo yake, na Ɓauna ma haka. Mazauna rami kuwa, su Gafiya da Kurege da Damo, tsakuwa kaɗai suke iya ɗauka. Kun san halin tsakuwa, ana girgizawa sai ta zurare ƙasa. Kukansu ɗaya ne: hanyar rafi ta bi ta kan ramukansu, kullum manya na rufta musu gidaje. Shekara bakwai suna jefawa, ba a taɓa ɗaukowa ba.

Ana nan sai mai riƙon masaki ya tsufa. Aka ba Gafiya, don kada a ce ba a yi da ƙanana. Kura ta matso ta ce, "Ranki ya daɗe, yanzu ke ta kowa ce. Kada mu ga son kai."

Maganar ta tsaya wa Gafiya a rai.

Zaman farko, ta girgiza, dutsen Giwa ya fito. Aka wuni kan ƙudajen da ke damun kunnenta. Da Gafiya ta koma gida, ta tarar ramin Kurege ya rufta.

Zama na biyu, ta girgiza, na Ɓauna ya fito. Aka wuni kan ƙaiƙayin bayansa. Ta koma gida, ramin Damo ya rufta. Damo ya ce, "Hajiya, kujera ta yi daɗi ko?" Gafiya ta kasa ci, ta kasa zama, ta shiga rami ta fito, ta shiga ta fito.

Safiyar zama na uku, garken manyan dabbobi ya wuce zuwa rafi. Sai nata ramin ya rufta. Ta tona, ta tona, ta ciro 'ya'ya shida. Autanta bai fito ba.

Da ƙasa a farcenta ta iso majalisa. Ta girgiza masaki yadda aka saba, sai ta sa kafaɗa ta kife shi. Manyan duwatsu suka koma ƙasa, tsakuwa ta yi tsibi a kansu.

Kura ta yi tsalle. "Ba haka ake yi ba!"

"Al'ada ta ce a ɗauki na sama," in ji Gafiya. "Ga na sama."

Giwa ta sunkuyo tana kallo. "Duk wannan na su wa ne?"

"Namu ne. Na shekara bakwai."

Kurege ya yi magana, Damo ya yi. Giwa ta ce, "Wallahi ina jin ƙasa na lotsawa, na zaci taushinta ne."

Kafin inuwa ta taɓa suri, an karkatar da hanya. Mazauna rami suka yi ta guɗa, ban da Gafiya. Ita ta san da ta kife masakin tun ranar farko, da 'ya'yanta bakwai ne.

Yara, in an ba ku riƙo, ku tuna da abin da ke ƙasan masaki, kuma kada ku jira zama na uku.

Ƙurunƙus! Ta tafi, ta bar mu da tsakuwa a hannu.