Tseren Tabawa da Sarkin Bokaye

A ƙasar bokaye, inda kowa ke shafa laya ya ɓace ya ɓullo a garin da ya ga dama, Tabawa mai daddawa ce kaɗai ke hawan jaki. Rannan Sarkin Bokaye Barmo ya tare ta a kasuwa.

Ya ce, "Tsohuwa, jakin nan naki yana zubar mana da mutunci. Mu yi tsere. In na riga ki isa, a yanka shi."

"Ranka ya daɗe, in na riga ka fa?"

Sarki ya yi dariya. "Rawanina ya zama naki. Zaɓi wurin da kanki."

"Tabarmar tsakar gidana. Wanda ya fara zama a kanta ya ci."

Kafin ta kwance jaki, Sarki ya ɓace. Ita kuwa ta tsaya sayen gishiri, ta biya barkar haihuwa, sai la'asar ta iso. Ta tarar da shi a ƙofar gida, gumi sharkaf.

Ya ce, "Tun hantsi nake sallama, ba wanda ya amsa."

"Wa zai amsa? Ni kaɗai ce a gidan. Ba kai ka kafa doka ba, duk bokan da ya faɗa gidan mutane ba a amsa masa sallama ba, a ƙwace layarsa?"

Ta raɓa shi ta wuce, ta zauna a tabarma, ta miƙe ƙafa.

"Wa alaikumus salam. Shigo, amma ka sunkuya, kar ƙofa ta ɓata mini rawanina."