Abin da Mai Ƙamshi Ya Yanke

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, mai sayar da man ƙamshi. Ba zan kama sunansa ba, don yana raye, kuma abin da ke kansa ya ishe shi. Shagonsa ɗan ƙarami ne, a titin da ya bi ta bayan wani babban asibiti, tsakanin mai gyaran waya da tela. Kantoci uku ne a ciki, jere da ƙananan kwalabe masu duhu: man na'a-na'a, man citta, man ɓawon lemo, man kanumfari. Kowa Mai Ƙamshi yake ce masa. Tela yakan tsokane shi da cewa ko a cikin taron mutum dubu ya ɓuya, hanci zai tona masa asiri.

Da farko mutumin nan ba shi da laifi. Wata nas da ke aiki a ɗakin masu ciwon daji ita ta fara turo masa mutane. Ta ce masa, "Malam, in an ƙara musu maganin nan na jijiya, tashin zuciya yake damunsu. Ɗigo ɗaya a auduga su shaƙa, wasu suna jin dama. Amma ka riƙa gaya musu wannan ba ya kashe ciwon, kuma su tambayi likita kafin su shafa." Ya ce ya ji. Duk wanda ya zo, sai ya miƙa masa kwalba ya ce, "Wannan sauƙi ne kawai, kada ka bar asibiti." Shekara uku yana haka, Allah yana rufa masa asiri.

Sai ranar nan wata mata ta shigo shagon da fara'a. An yi mata aiki, ta gama karɓar magani, likitoci sun ce ciwon ya tafi. Ta yi ta godiya. Mai Ƙamshi ya ce bari ya ɗauke ta a waya, don wasu su ji ƙarfi. Ta ce, "Bayan aikin da likitoci suka yi mini da wata shida ina karɓar magani, da man nan na samu nake iya cin abinci, ga shi yau na warke."

Da ta fita ya zauna yana kallon bidiyon. Ya kalla sau biyu, sau uku. Sannan ya sa yatsa ya ja, ya yanke farkon maganar. Abin da ya rage shi ne: "Da man nan na samu nake iya cin abinci, ga shi yau na warke." Ya ce wa kansa ai bai ƙara ko kalma ɗaya ba, bakinta ne, muryarta ce. Ya tura.

Ku duba fa, ya 'yan uwa. Bai ƙirƙiri komai ba. Ragewa kawai ya yi. Shin wannan ba ƙarya ba ce?

Kasuwa ta buɗe. Mutane suka riƙa yin layi har ƙofar tela. Maganar nan ta "kada ka bar asibiti" ta fara yi masa nauyi a baki, har ya daina faɗinta. Daga baya ma ya koma cewa, "Wuƙa da allura fa ba wasa ba ne, ku gwada wannan tukuna." Nas ɗin ta zo ta tsaya a bakin shago ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. Mutum biyu sun daina zuwa karɓar magani saboda kai." Ya yi murmushi ya ce kowa da hankalinsa. Ba ta sake turo masa kowa ba, shi kuwa bai ma lura ba.

To, mutumin nan yana da mata, shekara ashirin da biyu suna tare. Ita ce ke ɗura man a kwalabe. Takan shimfiɗa leda a falo, ta ɗauki ɗan mazurari, ta cika, ta toshe, ta manna takarda. Mace ce mai kawaici, mai tsananin yarda da mijinta. In ya ce mata magariba ta yi da hantsi, tashi za ta yi ta kunna fitila. Bidiyon nan yana wayarta, ita ce ma ta tura wa ƙawayenta da alfahari.

Wata safiya ta kawo masa ruwa, ta sunkuya za ta ajiye. Hancinsa ya kama wani abu. Ƙarƙashin ƙamshin kanumfari akwai wani wari, kuma ya san shi, don ya sha jinsa a jikin waɗanda suke zuwa shagonsa bayan ciwo ya ci su. Ya ce, "Me ke damunki?" Ta ce babu komai. Ya matsa mata, sai ta zauna ta buɗe masa. Ƙulli ne a mama, ya kumbura, ya fashe, ta rufe shi da auduga jiƙe da man da ta ɗura da hannunta.

"Tun yaushe?"

"Wata tara, Maigida. Lokacin ɗan mitsitsi ne. Ban so in tayar maka da hankali ba. Na ce bari in warke tukuna, sannan in gaya maka, ka ɗauke ni a waya kamar waccan baiwar Allah."

Wayyo! A ranar ya kai ta asibitin nan da yake hana mutane zuwa, ya bi da ita ta ƙofar gaba don kada maƙwabtan shago su gan shi. Aka yi hoto, aka ɗebi jini. Bayan kwana huɗu likita ta kira shi ofis ta rufe ƙofa. Ta ce ciwon ya kai ƙashi, ya kai huhu. Ta ce, "Da tun yana ƙarami kuka zo, irin wannan muna cire shi, da yawa suna tashi. Me ya hana ku zuwa?" Mai Ƙamshi ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Aka kwantar da ita a gadon da ke kusa da taga. Kullum yana gefenta, yana ba ta ruwa a cokali, yana gyara mata matashi. Kullum yana cewa yau zai gaya mata gaskiya, kullum sai ya fasa. Tsoro yake ji. Duniya duka ta raina shi bai damu ba, amma matar nan ta kalle shi a matsayin maƙaryaci, wannan ne ya kasa ɗauka.

Wata rana da azahar ta kama hannunsa. Muryarta ta shige ciki, sai da ya kai kunne. Ta ce, "Maigida, ko ni ce ban shafa daidai ba? Akwai ranakun da na manta na safe."

Ga ƙofa Allah ya buɗe masa, ya 'yan uwa. Kalma huɗu kawai: ni na cuce ki. Ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana cewa, "Haka Allah ya ƙaddara."

Hawaye ya riƙa bin kunnenta. Sannan ta ce, "Ka yafe mini. Na kunyata maganinka. Kada ka gaya wa mutane na yi amfani da shi, kada su daina saya."

Bayan kwana biyu ta rasu. Ta bar duniya tana neman gafarar wanda ya kamata ya durƙusa ya nemi tata.

Shagon yana rufe har yau. Mutumin nan ya rame, ya zama ba ya iya zama a ɗakin da aka fesa turare. Yakan ɗauki waya ya bi lambobin waɗanda suka taɓa saya a wurinsa, ɗaya bayan ɗaya, yana roƙonsu su koma asibiti. Wasu su zage shi. Wasu kuma ɗa ko miji ne yake ɗauka, ya ce ai mai wayar ta riga mu gidan gaskiya.

Ya 'yan uwa, man nan ba shi da laifi. Allah ne ya halicci ganyen, ya sa masa ƙamshi mai kwantar da zuciyar majinyaci. A yi amfani da shi a inda ya tsaya, tare da shawarar likita, kada a ɗora masa abin da ba zai iya ba. Laifin yana ga wanda ya san iyakar abu ya ɓoye. Kai mai sayarwa, kai mai tura saƙo a waya ba ka bincika ba, ka san wa yake saurarenka? Wanda ya fi yarda da kai shi ne zai fara haɗiye ƙaryarka, kuma yawanci a cikin gidanka yake kwana. Ke kuma 'yar uwa, in kin ji wani abu a jikinki, kada kunya ko kawaici su sa ki ɓoye, ki je a duba tun da wuri. In kuma ka cuci wani, ka faɗa masa yana da rai, yana iya cewa na yafe.

Ya Allah ka jiƙan wannan baiwa taka, ka ba marasa lafiyarmu sauƙi, ka karɓi tuban mai tuba. Allah ya kiyaye mu da rabin gaskiya, ya kiyaye iyalanmu daga sharrin harsunanmu. Amin.