Alƙalin da Bai Taɓa Ɓata wa Kowa Rai Ba

Akwai wani mutum mai daɗin baki, wanda mutanen ƙasarsa suka zaɓa ya je majalisar jiha. Ya iya gaisuwa, ya san sunan kakan kowa. Da ya gama siyasa, da yake ya karanta shari'a tun yana saurayi, sai aka naɗa shi alƙali.

To, kujera ta sake, amma mutumin bai sake ba. In mutum biyu suka tsaya a gabansa, ba mai gaskiya da mai ƙarya yake gani ba, ƙuri'a biyu yake gani. Bai taɓa cin hanci ba, kada ku ɗora masa abin da bai yi ba. Sai dai in shari'a ta zo wurin yankewa, ya yi murmushi ya ce, "An ɗaga sai wani zama."

Cikin masu zuwa akwai wata gwauruwa, Kezaya, wadda ƙanen mijinta ya ƙwace mata gonar da take ciyar da marayunta. Ƙanen nan kuwa dangin matarsa unguwa guda ne. Kezaya ta yi ta zuwa, tana tuɓe silifas ɗinta a bakin ƙofa, wani tsohon silifas da ta ɗaure da waya. Damina ta wuce, wata ta zo, ana ɗagawa. Har ta daina zuwa.

Alƙali ya tsufa, ya yi ritaya, ya koma gida da sunan kirki. Ran nan da tsakar rana, yana dawowa daga coci, sai ya ga takalma jere a ƙofar zaurensa. Ya leƙa, ba kowa.

Ya ce wa matarsa, "Uwargida, baƙi muka yi?"

Ta ce, "Waɗanne baƙi? Tun da ka bar kujera ko mai tallan goro ba ya tsayawa a nan."

Ita ba ta ga komai ba. Kashegari takalman suka ƙaru. Na manya, na yara, wasu ƙasa ta ci su kamar an tono su. Kaji suka daina bi ta wurin. Sai ya riƙa shiga gidansa ta ƙofar baya kamar ɓarawo.

Ran nan ya hango silifas mai waya a cikin takalman. Sai ya shiga zauren. Cike yake da mutane a zaune, ba mai tari, ba mai korar ƙuda. Kezaya ce a gaba.

Ya ce, "Baiwar Allah, ba an ce kin rasu ba?"

Ta ce, "Na rasu, ranka ya daɗe."

Ya ce da sauri, "To, gonar taki ce. Na yanke."

Ta ce, "Yaushe ka gane tawa ce?"

Ya sunkuyar da kai. "Tun ranar da kika fara zuwa."

Ta ce, "Haka na zata. An sayar da ita tuni. Ƙaramin yarona yana nan bayana, yunwa ce ta kawo shi wurina. Ba hukuncinka muka zo ji ba, ranka ya daɗe. Yau kai ake kira, mu shaidu ne."

Ya ce, "A yi mini haƙuri zuwa gobe."

Ta dube shi, ba fushi a fuskarta. Ta ce, "Can ba a ɗagawa."

Da matarsa ta kawo masa abinci, ta tarar da shi zaune shi kaɗai, hularsa a hannu, rai ya fita.

Ga ma'anar misalin nan, 'ya'yana. Alƙalin nan ba a kotu kaɗai yake ba. Uwa ce da ta san wanda ya fara duka cikin yaranta, amma ta ce duk ku yi shiru. Dattijon coci ne da ya san an zalunci wata, ya ce a bar maganar har bayan girbi don kada mai zuba babban baiko a asusun coci ya yi fushi. Kai ne, da ka ga an yi wa ɗan ajinku ƙarya, ka kama bakinka don a ci gaba da wasa da kai. Muna kiran wannan zaman lafiya. Ba zaman lafiya ba ne, tsoro ne, kuma wani ne yake kwana da yunwa dominsa. Ubangiji yana gafarta wa mai tuba, amma da numfashi ake tuba. In akwai wanda yake jiran ka faɗi gaskiyar da ka sani, kada ka wuce gida cin tuwo in an tashi daga nan. Fara biyawa ta ƙofarsa.