Kunun Sa'ade da Iyayenta Uku

Ku gyara zama. Wannan ba ta dariya ba ce, kuma in na kai ƙarshe ku za ku yanke hukunci.

A wani ƙauye an yi wata yarinya, Sa'ade, wadda ba ta san uwarta ba. Uwar, Hansatu, ta rasu tana cikin wankan jegon Sa'aden. 'Yan'uwan Hansatu mata uku ne suka raine ta: Marka babbarsu, sai Tabawa, sai auta Kandala. Da Sa'ade ta yi haihuwar fari aka kawo ta gidan Marka wanka. Tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya safe da yamma, gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, kunun kanwa kwano guda bayan kowane wanka. Haka aka yi wa su ukun, haka suka yi wa Hansatu.

Mako uku da haihuwa ƙafafun Sa'ade suka kumbura, tari ya kama ta, in ta kwanta numfashi ya gagara sai ta zauna. Iyayen suka ce sanyi ne ya shige ta. Maganin sanyi kuwa sananne ne: a ƙara wuta, a ƙara kanwa.

Ana haka malamar asibiti ta zo yi wa jarirai allura. Ta danna ƙafar Sa'ade da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ta ce, “Iya, wannan ba sanyi ba ne, zuciya ce ta gaji. Zafin nan da kanwar nan su ke ƙara mata nauyi. Ku daina, ku kawo ta asibiti.”

Sa'ade na zaune ta jingina da bango, tana kallon fuskokin ukun. Magana ɗaya ta shiga kunnuwa shida, amma ba wuri ɗaya ta sauka ba.

Marka mace ce da in ka ce mata ta yi kuskure, ji take ka ce ba ta da amfani a duniya. Ta miƙe tsaye. “Ke 'yar nan, kin taɓa haihuwa? Mata nawa na wanke kafin a yanke miki cibiya? Ɗauki jakarki.” A ranar ta sa aka ƙaro itace.

Tabawa kuwa tun kafin malamar ta rufe baki ta yarda, don ita duk abin tsoro nan take yake shigarta. Amma tunda aka haife ta ba ta taɓa musa wa Marka ba. Ita ke dama kunu, sai ta daina sa kanwa, ta riƙa kawo kwanon a rufe. Sa'ade ta kurɓa, ta ji salam, ta ɗaga ido. Tabawa ta raɗa mata, “Shanye, 'yata. Kada ki tona ni.” Sannan ta koma ta iza wutar gadon kamar yadda Marka ta ce, tana share hawaye da bakin zane, tana cewa hayaƙi ne.

Kandala ba ta yarda ba, ba ta kuma ƙi ba. Ita ko ce mata aka yi ana ruwa sai ta miƙa hannu waje. Ta shiga bin gidaje, duk inda aka taɓa rasa mai jego, tana tambayar tsofaffi: yaya ƙafarta ta yi? Ta yi tari? A kwance ta cika ko a zaune? Sa'ade na jin fitarta, tana jin dawowarta, tana jiran ta ce wani abu. Kwana tara ba ta ce komai ba, wai ba ta gama tabbatarwa ba.

Ran na goma ta tsaya a tsakar gida, Marka na sauke tukunyar wanka. Ta ce, “Yaya, gida shida na shiga. Duk masu jegon kamar Sa'ade suka yi. Haka kuma Hansatu ta yi. A zaune ta cika, mu muna ƙara mata wuta.”

Abin da kowa ke gudu ke nan. In malamar ta yi gaskiya, to shekara ashirin da suka wuce da hannunsu suka raka 'yar'uwarsu kabari. Tabawa ta zube ƙasa. Marka ta yi jifa da ganyen wankan. “Ni na kashe Hansatu? Ni? To a je! A je asibitin su duba Sa'ade, su faɗa a gabanku cewa sanyi ne, in ga inda za ki sa fuskarki.”

A garin nan ba a fitar da mai jego kafin arba'in, kuma ba mai iya keta wannan sai Marka. Mijin Sa'ade ya buɗe baki, ta ce masa ya rufe. Ta goya Sa'ade kamar jaririya, da tsufanta, ta kai ta bakin titi, ta tsaya a tsakiyar hanya sai da motar 'yan kasuwa ta taka birki.

Likita ya ce da an ƙara kwana biyu da gawa za a kawo. Ya ce da ta ci gaba da shan kanwa a kwanakin nan tara, da ba ta kai yau ba. Ya kuma ce da an kawo ta ranar da aka ce a kawo ta, da wataƙila ta warke sarai.

Sa'ade ta rayu, amma ba ta koma yadda take ba. Ba ta iya daka, ba ta iya goyo, an kuma ce kada ta sake ɗaukar ciki. 'Yar da ta haifa, mai sunan Hansatu, ita ke nan gare ta. Da lokacin yaye ya yi, ya zama dole ta ba ɗaya daga cikin ukun riƙonta, kuma duk ukun sun miƙo hannu.

Ta daɗe tana juya abin. Ba don Tabawa ba, da ba ta kai kwana goma ba, amma Tabawa ta san gaskiya ta ci gaba da iza wuta. Ba don Kandala ba, da ba wanda ya motsa Marka, amma kwana taran da ta ɗauka tana neman tabbaci daga zuciyar Sa'ade aka cire su. Ba don Marka ba, da ba ta fita daga ɗakin nan ba, amma har yau Marka cewa take sanyi ne, likitoci ne ba su san sunansa ba. Ita ce kuma, duk ranar Juma'a, ake ganin ta zauna ita kaɗai tana kallon ɗakin da Hansatu ta cika.

Yaro kuwa halin wanda ya riƙe shi yake ɗauka, Sa'ade ta san wannan. To, ku da kuke saurare, a hannun wacce cikin ukun nan ya kamata ta sa 'yarta tilo?