Ruwan Cikin Tanki

An yi wani mutum a wani ƙauye kusa da Gezawa, sana'arsa feshin fenti. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana raye. Kabad ɗin kicin yake fesawa da fentin ruwa, na amare da na masu sababbin gidaje. Idan ya gama ƙofa, santsinta kamar tangaran. Har daga cikin birni ake kawo masa aiki.

Tare yake aiki da ƙaninsa Muntaka, uwa ɗaya uba ɗaya, magidanci mai 'ya'ya uku. Muntaka ba mai yawan magana ba ne. Shi ke goge katako da samfefa, shi ke tace fenti da tsumma, shi ke kula da injin da ke tura iska zuwa bindigar feshi. Yabo kuwa na wansa ne.

Wata shekara aka yi damina mai nauyi, gero ya rufe hanyoyi, aiki kuma ya fara ɓaci. Fenti ya riƙa zubo hawaye a gefen ƙofa. Wani wurin ya yi gurje-gurje kamar ɓawon lemo. Sai ƙofa ta kwana uku ba ta bushe ba, in an rufe ta manne, in an buɗe ta ɓantaro fentin. Wata Hajiya ta sa aka dawo da nata kabad a mota.

Muntaka ya ce, "Yaya, iskar ce ta jiƙe. Mu rage ruwan da muke sirkawa, mu yi feshi siriri, mu bar na farko ya bushe kafin mu ɗora na biyu."

Wan ya ce, "Yau kuma kai za ka koya mini feshi? Shekara nawa ina riƙe da bindigar nan kana can kana gugar katako?"

Ya sauya bakin bindiga. Ya sauya fenti. Haƙuri kaɗai ne bai gwada ba. Sai wani a majalisa ya ce masa, "Aikin da ya shekara goma lafiya ba ya lalacewa haka siddan. Ka duba na kusa da kai."

Ya 'yan uwa, wa ya aiki wannan baki? Kuma me ya sa maganar ta samu wurin zama?

Wata safiya ya zo shago da wuri, abin da bai saba ba. Ya tarar da Muntaka a tsugune, hannunsa a ƙarƙashin tankin inji, ƙasa ta jiƙe da wani ruwa. Bai tambaya ba. Ya ɗaga murya har maƙwabta suka fito.

"Yau na kama ka! Ashe kai ne?"

"Yaya, tsaya in nuna maka."

"Ba abin da za ka nuna mini. Fita!"

Kafin la'asar gari ya ɗauka cewa Muntaka ya yi wa wansa sammu. Kun san ƙauye. Masu gaishe shi suka fara kau da kai. Matarsa Rukayya ta je gidan suna, aka janye yara daga kusa da ita. Mahaifiyarsu ta kira babban, ta ce, "Nono ɗaya kuka sha, ka ji tsoron Allah." Ya ce, "Inna, da idona na gani."

Bayan girbi Muntaka ya kai iyalinsa gidan surukansa a Kunci, ya tafi ci-rani Kudu.

Damina ta wuce, iska ta bushe, amma aiki ya ƙara lalacewa. Bindiga ta koma tofar da ɗigo-ɗigo ja a kan farin fenti, ƙofofi suka cika da ƙananan ramuka. Masu kawo aiki suka janye ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙarshe ya kira Malam Abdulkabir, mai gyaran inji. Malamin ya tsuguna, ya sa hannu ƙarƙashin tanki, ya murɗa wani ɗan famfo. Ruwa mai tsatsa ya yi ta zuba, ya yi ta zuba.

Ya ce, "Iska tana tara ruwa a cikin tankin nan. Kowace safiya ake buɗewa a zubar, in ba haka ba ya bi tiyo ya shiga fenti. Wa yake yi maka a da?"

Mai fentin ya dubi ruwan da ya jiƙa ƙasa. Ya zauna a ƙasa.

Ya nemi lambar ƙaninsa, ya yi ta kira, a kashe. Ya ce bari ya gama aikin da ke hannunsa ya bi shi. Kafin ya gama, aka bugo daga Kudu. Zazzaɓi ne, kwana huɗu. Baƙi suka yi masa wanka, baƙi suka binne shi.

Da ya je ta'aziyya Kunci, Rukayya ta amsa gaisuwarsa daga bayan labule. Ta ce, "Bai taɓa zaginka ba, Yaya. In ya bugo waya, sai ya ce, ko wa ke zubar wa Yaya da ruwan injin nan?"

Ya sayar da injin. Yau yana zaune a ƙofar gida, ba sana'a, mahaifiyarsa kuma in ya gaishe ta sai ta amsa tana kallon bango. Yana neman gafarar Allah, muna kuma yi masa fata. Amma wanda zai ce masa "na yafe" yana kwance a garin da bai san hanyarsa ba.

Ya 'yan uwa, Allah ya hane mu da mugun zato. Abu in ya ɓaci yana da dalili, kuma neman dalili yana buƙatar tambaya da sauraro. Zargi ba ya buƙatar komai, shi ya sa muke rugawa gare shi. Mutum nawa ne a gidajenmu suke tsugune suna yi mana hidimar da ba mu sani ba? In ɗan'uwanka ya ce tsaya in nuna maka, ka tsaya.

Allah ya jiƙan Muntaka, ya raya abin da ya bari. Allah ya kiyaye mu da zaton da zai raba mu da jininmu. Amin.