Bakin Bargon da Shuvai Ta Bari a Buɗe

Shuvai malamar firamare ce a unguwar Sakubva ta garin Mutare. Mace ce mai fara'a, ba ta da rowa, ba ta da faɗa. Aibinta guda ɗaya ne, kuma duk wanda ya zauna da ita kwana uku ya san shi: komai nata sai gobe. Maɓalli ya cire a riga, gobe. Famfo yana ɗiga, gobe. Ƙawarta ta haihu, za ta je barka gobe, har yaron ya fara rarrafe. Ita a ganinta gobe tana nan ajiye kamar hatsi a rumbu, duk ranar da ta ga dama sai ta ɗiba.

Su biyu ne a gidan, ita da mahaifiyarta da take kira Amai, sai kuma mage. Farar mage ce mai baƙin kunne ɗaya. Amai ta sa mata suna Chihera, sunan da ake yi wa mata masu taurin kai, kuma sunan ya bi ta. Ita ce mai buɗe tukunya ta kwashe busasshen kifi. Ita ce mai hawa tebur ta ture kofin shayi tana kallon idonka. Sau biyu tana taka tuwon masara da zafinsa, ta bi ta kan littattafan ɗaliban Shuvai ta bar musu sawu.

"Amai, wata rana sai na sa magen nan a buhu na kai ta bayan dutse!" in ji Shuvai.

"Yaushe? Gobe?" Amai ta ce tana dariya. "Chihera, kwanta abinki, kin tsira."

Amai gwanar saƙa ce da kwarashi. Shekara shida tana saƙa bargo guda, kuma ba ta sayi zare ko kamu ɗaya ba. Tsofaffin rigunan sanyin gidan take warwarewa, ta ƙulla bakin wannan zare da na wancan, kowane mutum da layinsa. Shuɗin na kakar Shuvai ne. Ruwan ƙwan mayafin da aka naɗe Shuvai ne ranar da aka fito da ita daga asibiti. Koren rigar makarantar Garikai ce, ƙanen Shuvai da zazzaɓi ya ɗauke yana shekara goma sha ɗaya. Ruwan ƙasan kuwa rigar mahaifinta ce, wadda ya yi shekara ashirin yana sawa zuwa injin yanka katako, har yanzu in ka sa hanci kana jin ƙamshin itace. In Amai tana saƙa bakinta ba ya hutawa. Ta ba da labarin ranar da Garikai ya zo da ƙwai a aljihu ya manta ya zauna a kai, ta yi dariya har ta share hawaye, kuma ba duka hawayen ne na dariya ba.

Saƙar kwarashi kuwa tana da wani hali. Duk girmanta, a kan madauki ɗaya take rataye, wanda kwarashin yake ciki. In ba a yanke zaren an zura shi cikin madaukin an ja ya ɗaure ba, to ko jariri ya ja bakin zaren sai saƙar ta bi shi, tun daga inda aka tsaya tana komawa baya. Shi ya sa duk sanda Amai za ta tashi, ko ruwa za ta sha, sai ta maƙala fil a madaukin, ta naɗe bargon ta sa a akwatin ƙarfe ta rufe. Chihera kan zauna a kan akwatin tana lasar hannu, kamar mai jiran ranarta.

"Zo ki zauna in nuna miki yadda ake rufe bakin saƙa," Amai kan ce. "Ni na fara, ke nake so ki rufe."

"Amai, ku ga littattafan da ke gabana fa. Ku bari sai gobe."

"Wannan gobe taki, Shuvai, ta girme ki."

Da watan Yuni ya shigo, lokacin sanyi a ƙasarsu, ciwon cikin da Amai ta daɗe tana ɓoyewa ya kwantar da ita. Likita ya ce ya riga ya yi nisa. Wata ranar Asabar Shuvai ta shigo ɗaki ta tarar da ita jingine da filo, tana warware jar rigar sanyinta ta zumuntar mata, wadda ba ta taɓa zuwa coci ranar Alhamis ba tare da ita ba.

"Haba Amai! Me kuma za ku sa?"

"Inda za ni ba a jin sanyi," in ji Amai. "Kowa ya shiga bargon nan, saura ni. Ko so kike su yi ta hira babu ni?"

Shuvai ta fita bayan gida ta yi kuka. Amma da ta dawo, ba ta zauna ta koya ba.

Mako biyar Amai ta yi tana saƙa jan layin. Hannun da a da yake cinye layi uku kafin ruwan shayi ya tafasa, yanzu sai ya yini a kan rabin layi. Saƙar ta karkace. Wani wuri ta matse, inda ciwon ya murɗe ta, wani wuri ta saki, inda barci ya sace ta da kwarashi a hannu. Chihera, abin mamaki, ta daina ɓarna. Tana kwance a ƙafafun Amai, ko zaren ya gifta ta hancinta ba ta kai masa hannu. Layi goma sha biyu Amai ta yi. Ranar Talata da hantsi ta maƙala fil ɗinta, ta ce a ba ta ruwa, kafin Shuvai ta dawo da kofin, Amai ta cika.

Bayan an binne ta, dangin Amai suka zauna rabon kayanta kamar yadda aka saba, domin kayan mace na danginta ne, ko cokali ba a ɓoyewa. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka yayyafa wa kayan ruwa. Ƙanwar Amai, Esnath, wadda Shuvai take kira Mainini, da ta zo daga Rusape, ita ta raba. Tukwane suka tafi, zannuwa suka tafi, akwatin ƙarfen ma wata 'yar ɗan'uwa ta samu. Da aka zo kan bargon, Mainini ta ɗora shi a cinyar Shuvai.

"Wannan ba sai an yi shawara ba. Yaya ta faɗa mini da bakinta, naki ne."

Shuvai ta tafa hannu alamar godiya, ta karɓa.

"Magen fa?" wata ta tambaya.

"Wa zai raba Chihera?" in ji Mainini. "Ita ke raba kanta." Aka ɗan yi dariya, dariyar farko a gidan cikin kwana huɗu.

Kafin ta tafi tasha, Mainini ta duba bargon ta ga fil. "Af, ba a rufe ba. Miƙo almakashi in ɗaure miki, ba zai kai minti biyu ba."

"A'a Mainini, ku bar shi. Amai ta ce ni zan rufe."

"To madalla. Duba nan." Ta ɗauki wani guntun zare ta nuna mata. "Ki yanke, ki zura, ki ja. Shi ke nan. Yi yanzu ina kallo."

"Ba yau ba. Gobe da safe zan yi."

Mainini ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. "'Yar nan, akwatin ya tafi fa, kuma kin san da wa kike zaune."

Ranar farko, kowa zai yi mata uzuri, mutuwar uwa ba wasa ba ce. Rana ta biyu ma haka. Amma gaskiya ɗaya ce, kuma sai an faɗe ta: ba baƙin ciki ne ya riƙe hannun Shuvai mako uku ba, hali ne, shi kuwa hali zanen dutse. Har ta cire fil ɗin wata safiya, ta zura kwarashin a madaukin da niyyar yi, sai ta ga almakashin yana ɗaki, ta ce sai in ta tashi. Bargon ya zauna a kan kujerar Amai. Chihera ta mai da shi wurin kwananta, tana cusa hanci a jan layin tana wani ƙaramin kuka. Abinci ma sai ta ga dama take ci.

Ran nan Shuvai ta fito za ta makaranta, ta ga kwarashin a ƙasa, Chihera tana buga shi da hannu yana gangarawa ƙarƙashin tebur. Ta sunkuya ta ɗauka. Ga madaukin nan a sake yana kallonta. Ga fil a kan taga, taku uku. Ta duba agogo, ta ajiye kwarashin a tebur.

"In na dawo," ta ce, ta ja ƙofa.

Ƙarfe uku ta dawo. Tun daga bakin ƙofa ta ga jan zare. Ya zagaye ƙafafun tebur, ya shiga ɗakin girki ya naɗe kujera, ya fito ya haye gado, ya sake dawowa. Gidan kamar gizo-gizo ya yi kwanan wata a ciki. Chihera na tsakiyar ɗaki, zare a wuya zare a wutsiya, idonta na ƙyalli, rabonta da irin wannan farin ciki tun Amai na da lafiya.

Shuvai ta saki jakarta ta yi kan kujera. Shuɗi na nan. Ruwan ƙwai na nan. Kore na nan, ruwan ƙasa na nan. Jan layin kuwa babu ko ɗaya. Ya warware tas, har zuwa ƙullin da Amai ta haɗa zarenta da na mijinta, a nan ya cije.

"Wayyo Amai! Wayyo Allah na!"

Ta zari muciya ta yi kan magen. Chihera ta ruga ƙarƙashin gadon Amai ta maƙure a kusurwa. Shuvai ta durƙusa ta ɗaga muciyar, sai idonta ya faɗa kan fil ɗin da ke taga, inda ta bar shi da hannunta. Hannun ya mutu. Ta zauna daɓas a ƙasa ta yi kukan da ko a bakin kabari ba ta yi irinsa ba.

Washegari da sassafe ta hau bas ta tafi Rusape, bargo a jaka, jan zaren a dunƙule. Wannan karon ba ta ce gobe ba, sai dai aikin gama ya gama.

Mainini Esnath ta shimfiɗa bargon a cinya ta shafa inda jan layin yake a da. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi faɗan da ya fi sauƙi.

"Mainini, ku mayar mini da shi yadda yake. Don Allah."

"Kwana biyu ya ishe ni in saƙa layi goma sha biyu, har ya fi na da kyau," in ji Mainini. "Amma hannuna ne zai kasance, ba na Yaya ba. Inda ta matse don ciwo, inda ta saki don barci, wa zai iya maimaita wannan? Ko ita ta dawo ba za ta iya ba."

"Magen nan ta kashe ni."

"Kul! Mage ta yi aikin mage. Mako uku ta ba ki."

Shuvai ta sunkuyar da kai. Mainini ta miƙa mata almakashi. Shuvai ta yanke zaren a bakin layin mahaifinta, ta zura, ta ja, ya ɗauru. Abin bai kai tsawon shan kofin ruwa ba, kuma wannan ne ya fi yi mata ciwo.

Mainini ta tashi ta ɗora buta a wuta. "Kawo jan zaren in turara shi ya miƙe. Kin ga duk ya nannaɗe, haka zaren da aka warware yake. In ya ji tururi zai koma kamar sabo, sai in koya miki ki saƙa da kanki."

Shuvai ta kalli zaren da ke hannunta. Tun jiya take riƙe da shi, sai yanzu ta lura. Duk tsawonsa lanƙwasa ne ƙanana, kowace ɗaya gurbin madaukin da Amai ta yi. Ga inda suka matsu da juna, ga inda suka yi sako-sako. Butar ta fara huci, Mainini ta miƙo hannu.

"A'a!" Shuvai ta ƙanƙame zaren a ƙirjinta. "Kada ku miƙar da shi, Mainini. Abin da ya rage mini na hannunta ke nan."

Mainini ta sauke butar, ta juya baya tana share ido da bakin zane. Shuvai ta koma Mutare da bargon da kowa na gidansu yake ciki, ban da wadda ta saƙa shi.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, aikin da yake ƙarami yau ba lallai ya kasance ƙarami gobe ba. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Shuvai ba ta ƙi mahaifiyarta ba, ba ta raina bargon ba, jinkirin minti biyu kawai ta yi ta maimaitawa har ya cinye abin da ba ya dawowa. Idan iyayenka sun ce zo ka zauna in nuna maka, ajiye abin da ke hannunka ka zauna. Idan an bar maka amana da baki a buɗe, rufe ta yau, tun kana da abin rufewa.