Yanken da Tanko ya yi a dajin Baban Rafi

Akwai wani mutum a Madarumfa ana kiransa Tanko, yana sayar da kifi a bakin tafki. Mutum ne mai ƙwazo, amma in ya faɗi magana to ta zauna. Wanda duk ya kawo masa shawara, ji yake kamar zaginsa aka yi.

Yana da ƙane, Yusuf, autansu, wanda ya daɗe yana aikin gini a Libiya bai leƙo gida ba. Mahaifiyarsu kuwa tana zaune wurin ƴarta Kulu, a wani ƙauye can bayan dajin Baban Rafi.

Ana tsakiyar damina Yusuf ya dawo. Ya sauka gidan yayansa, da niyyar in gari ya waye su tafi gaida Inna tare. Da sassafe sai ga kiran Kulu a waya.

"Yaya, jikin Inna ya tsananta. Ba wanda take kira sai Yusuf. Ku taho yanzu."

Suka hau kabu-kabu, baburan haya. Ruwa ya ɓata hanya, masu moton suka sauke su a bakin daji, suka ce nan ne iyakarsu. Daga nan sai turbar shanu da amalanke, wadda ke zagaye wani tudu mai duwatsu da duhuwar itace kafin ta kai ƙauyen.

Tanko ya dubi tudun ya ce, "Ba za mu yi wannan dogon zagaye ba. Mu haye nan, mu sauka a bayan gari."

Yusuf ya ce, "Yaya, mu dai bi turba. Da nisa, amma mun san inda za ta kai mu. In muka ɗaga ƙafa, kafin azahar muna gaban Inna."

"Kai da ka bar ƙasar tun yaushe, kai za ka nuna mini hanya? A dajin nan na yi kiwo."

Yusuf bai taɓa ja da yayansa ba. Ya saɓa jakarsa ya bi bayansa.

Da suka nutsa, sai daji ya zama wani daban. Ciyawa ta kai ƙirji, sarƙaƙiya na kama riguna. Manyan itatuwan da Tanko ya sani tun yarinta an sare su. Ruwa ya haƙa kwazazzabo a inda da can fili ne. Hadari ya rufe rana, ba gabas ba yamma.

"Yaya, don Allah mu koma tun sawunmu bai ɓace ba."

"Na ce maka na san hanya!"

A lokacin Tanko ya riga ya gane ya ɓata. Amma furta wa ƙanensa "ka fi ni gaskiya" ya yi masa nauyi, sai ya ƙara sauri. Yusuf ya yi ta ɗaga waya sama, babu rezo ko kaɗan, kira ba ya shiga.

Sai bayan la'asar suka fito, ƙafafu duk jini, ta wani gefe mai nisa da ƙauyen. Suna isowa bakin gari suka ci karo da maza suna dawowa daga maƙabarta, an ɗauko makara babu kowa a kai. Yusuf ya tsaya cak. Jakar ta suɓuce daga kafaɗarsa.

A zaure Kulu ta tare su, idonta ya kumbura.

"Ta jira ku. Har aka kira azahar tana kallon ƙofa. Wanda duk ya yi sallama sai ta ce, 'Yusuf ne?' Me ya tsayar da ku?"

Yusuf ne ya amsa, "Hanya ce, Yaya Kulu."

Bai gaya wa kowa abin da ya faru ba. Da aka tashi daga zaman makoki ya haɗa kayansa zai koma. Tanko ya raka shi tasha. Mota na shirin tashi ya riƙe hannunsa.

"Yusuf, ka yafe mini."

"Na yafe, Yaya. Amma wadda na zo ta gan ni ba ta gan ni ba."

Darasi: Girman kai ba mai shi kaɗai yake cuta ba, har wanda ya bi shi don biyayya. In ka gane ka kauce, ka faɗa, ka juya tun da sauran lokaci, ko da ƙaninka ne ya nuna maka. Ku tura wa ƴan'uwa, wataƙila wani ya ji ya sassauta.